Motar da Ke Yin Sallama

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya raba ruwan daɗi da ruwan zartsi, ya yanka wa kowanne iyakarsa. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Bagudu direba, mutumin Tsaunin Gamji, wanda 'yan garinmu ke kira Aku don ba a taɓa kama ni da baki a rufe ba. Na taka ƙasar da ba ta tsirar da ciyawa, na sha ruwan da ba ya kashe ƙishi, na ji abin da kunne ya yi da-na-sanin ji. Wanda ya gaskata ni, madalla. Wanda ya ƙaryata, hanya ba ta tashi ba, ya je ya gano wa idonsa.

A zamaninmu ne mai ya ƙafe a ƙasarmu. Rijiyoyinsa suka yi ta ja da baya har aka wayi gari ko na shafa wa fitila babu. Motoci suka mutu a tasha, kaji na ƙwai a kujerar direba, awaki na shan inuwa a ƙarƙashin tirela. Garinmu kuwa a kan dutse yake, hatsinmu daga kwari mai nisa ake hawo da shi, abin da mota ɗaya ke ɗaukowa da safe sai jakai su yi mako suna jigilarsa. Tuwo ya fara ƙanƙancewa a akushi, yara suka daina wasa da yamma.

Abin da mahaifinmu ya bar mana tsohuwar tankar mai ce, ni da yayana Nomau. Shi Nomau, in ka ce masa ina kwana ya ce lafiya, to ka cinye rabonka na ranar. Innarmu takan ce ranar da aka yi rabon magana barci ya kwashe shi, ni kuma na karɓo har da nasa. Kullum da hantsi sai ya je ya goge tankar nan da tsumma, ya duba tayoyi, ya dawo, kamar gobe za a yi lodi. Abin yana ƙona mini rai, ina faɗa masa, ba ya tankawa.

Wata rana wani falken gishiri ya sauka a zaurenmu. Cikin hira ya ce can bayan Farin Fako akwai teku da ake kira Bahar Zartsi, motocin mutanen wurin ruwanta suke sha su yi ta gudu. Na tashi tsaye na ce ya faɗa mini yadda ake yi. Ya kawar da kai, ya ce shi dai jakinsa ya fi masa kwanciyar rai. Ban tsaya nazarin wannan magana ba, na juya kan Nomau na yi ta zuba har miyau ya bushe, ina lissafa masa yadda za mu cika tanka mu tayar da motocin gari. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Mu je."

Muka ɗaura wa tankar shanun noma, muka cika tuluna da salkuna, Inna ta sa mana albarka, muka gangara. Mutane na dariya suna cewa yau ga mota ta zama amalanke.

Bayan tafiya mai tsawo muka isa Birnin Tunkuza, inda mutane suka ga mai ya ƙare suka koma ba motocinsu man gyaɗa. Tun daga nesa garin ke ƙamshin ƙosai, amma da muka shiga muka tarar ba mai ƙosai ko ɗaya. Duk ɗigon mai na mota ne. Mutanen fatarsu ta yi furu-furu, leɓɓansu sun tsage, miyarsu ruwa ce da gishiri, motocinsu kuwa sai sheƙi. Da Sarkin Matsa, wato shugaban masu matse gyaɗa, ya ga tankarmu, sai idonsa ya yi ja. Ya ce wannan rumbu ya dace da garinsu, shanun kuma akwai kitse a jikinsu. Ya sa matasa suka kewaye mu da taɓare.

Nan bakina ya yi rana. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ai taimakonmu ka yi. Aljani ne a ciki, shi ya shanye man ƙasarmu kaf, malamai suka rufe shi suka ce mu kai shi teku. Tun da ya ji ƙamshin garinku yake ta juyi. Ku buɗe kawai, mu mun huta."

Ban ko dubi Nomau ba, amma ashe ya riga ya sulale ta bayan mota da sifana a hannu. Sai ga tanka ta ɗauki ƙara, gum, gum, gum, kamar ana daka a cikinta. Kafin na rufe baki babu kowa a filin sai takalma. Sarkin Matsa da kansa ya aiko da dogarai su raka mu bayan gari, har da guzurin ƙuli-ƙuli busasshe kamar tsakuwa. Na yi ta ba Nomau labarin abin da ya faru a gabansa, shi kuwa murmushi kawai ya yi.

Daga nan dariya ta ƙare, don mun shiga Farin Fako. Fili ne na gishiri, fari fat, ba itace, ba tsuntsu, ba ko ƙuda. Rana na dukan ka daga sama, ƙasa na ramawa daga ƙasa. Ba mu yi nisa ba muka fara cin karo da motoci a tsaye, duk hancinsu na kallon inda muka fito. Na leƙa ta farko na ga direba zaune riƙe da sitiyari, gishiri ya lulluɓe shi ya zama kamar gunki, bakinsa a buɗe. Ta biyu haka, ta uku haka. Na ƙwanƙwasa tankunansu na ji duk cike suke. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke sa mutum ya ƙara surutu.

Shanunmu suka yi ta lasar ƙasa, ƙishi ya yi ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ruwanmu ya ja baya. Nomau ne ke riƙe da salka, shi ke zuba mini, in na ce ya sha sai ya nuna mini da hannu cewa ya riga ya sha. Ranar da sa na ƙarshe ya faɗi, muka zauna a 'yar inuwar tanka muna jiran abin da Allah zai yi. Idon Nomau ya faɗa, leɓensa ya yi baƙi.

Da tsakar rana muka hango wata babbar mota tafe. Direbanta ya ɗaure bakinsa da rawani tam. Da ta matso sai na ji murya, ba daga gaban motar ba, daga salansa, wato bututun hayaƙinta, muryar dattijo mai sanyi: "Salamu alaikum. Salamu alaikum, masu gida." Na buɗe baki zan amsa, don wane ɗan halak ne za a yi wa sallama ya yi shiru? Sai na ji tafin Nomau a bakina. Ya ga abin da ban gani ba, direban yana ta kaɗa hannu kamar mai korar wuta. Da ɗan ƙarfin da ya rage masa Nomau ya danne ni har na gane. Direban ya sauko, ya ba mu ruwa, ya ɗaure bakunanmu, ya ɗaura tankarmu da sarƙa ya ja mu, salansarsa na ta sallama har muka isa.

Garin sunansa Bakin Zartsi, ban kuma taɓa ganin wuri mai ban tsoro kamarsa ba, ko da yake ba wanda ya ɗaga mana yatsa. Kasuwa cike, tasha cike, motoci na kai da kawowa, kowace na sallama. Wata da muryar tsohuwa, wata da ta saurayi, wata da ta ƙaramar yarinya mai tambayar ko innarta na ciki. Mutane kuwa ba mai gaida wani da baki, sai dai a ɗaga hannu a dafa ƙirji. Na ga uwa ta goya ɗanta tana tafe, mota ta wuce, ta kai hannu baya ta toshe masa baki ba tare da ta ko waiwaya ba.

Nomau bai ga wannan da kyau ba. An kwantar da shi a gidan wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, wadda ke kula da famfon da ke jawo ruwan teku. An ba shi ruwa, an ba shi kunu, amma cikinsa ya riga ya ƙone. Washegari da hantsi ya kama hannuna, ya buɗe baki kamar zai yi magana, na ce, "Yaya, kada ka wahalar da kanka, bari in gaya maka abin da na gani a kasuwa." Ina cikin gaya masa ya cika. Na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka sallace shi. Na tambayi hanyar maƙabarta, sai aka nuna mini kwalekwale. Ƙasar garin dutsen gishiri ce, tana karya diga, saboda haka tun kakanninsu teku suke ba matattunsu. Aka tura kwalekwalen kaɗan daga gaɓa, aka sauke yayana a ruwa, ina kallo ya nutse.

Da aka watse, Gwaggo Tabawa ta kira ni cikin ɗakinta mai kaurin bango, inda ƙarar titi ba ta shiga, ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ɗan nan, a nan kaɗai ake magana da sakin baki. Tambayi abin da ke cinka."

Na ce, "Gwaggo, su wane ne ke sallama a motocinku? Aljanu ne?"

Ta ce, "Mutanenmu ne. Kada ka yi saɓo, rai yana wurin Mai shi. Amma ka san gishiri, abin da aka sa masa ba ya bari ya lalace. Tekun nan ta riƙe muryoyinsu da abin da suka tafi da shi a ciki ba su faɗa ba. In ruwan ya bi ta matacin tagulla ya shiga inji, sai muryar ta farka. Ba ta san ta mutu ba. Gani take tana tsaye a ƙofar gida tana sallama ba a amsa ba. Wannan ƙaguwar ita ke juya taya."

"In aka amsa fa?"

"Wanda aka amsa masa ai ya shiga gida ya huta. Duk ruwan da ke haɗe da shi sai ya kwanta, ya koma ruwan gishiri kawai. Waɗanda ka gani a fako baƙi ne irinka, masu tarbiyya. An gaya musu, sun ji, sun yi rantsuwa. Amma baki ya riga hankali."

Raina ya ɓaci, na ce, "Ku kuwa ba ku da tausayi? Iyayenku na sallama kuna toshe baki?"

Ta dube ni ba fushi, ta ce, "Malam, mijina, ya yi shekara yana mini sallama daga motar mai kifi. Kullum da safe take wucewa ta ƙofar nan, kullum ina cusa gyale a baki. Kowa a garin nan ya ci tuwon da muryar uwarsa ta jawo. Ka zo neman abin da ke tayar da mota, ga shi ka samu. In za ka ɗiba, ka jira iska ta juya ta kai yayanka can tsakiya, ka ɗebi baƙin muryoyi. Baƙo ya fi sauƙin ƙyalewa."

Na ce ba zan jira ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, in ruwan sama ya sauka a fako hanya ta rufe sai baɗi. Wannan shi ne dalilin da na ba ta. Na cikin zuciyata kuwa, ba zan iya juya baya in bar Nomau a bakin tekun da bai san kowa ba. Na ce a zura tiyo daidai inda aka sauke shi. Ta girgiza kai ta ce, "Kai da ka ce a garinku ana kiranka Aku?" Amma ta sa aka zura.

Maƙerin garin ya ɗaura mini matacin tagulla, ya jawo tiyo daga babbar tanka zuwa inji don kada in tsaya ɗura a hanya, ya zama duk lodin ruwa ɗaya ne. Gwaggo ta ba ni ƙodagon goriba ta ce in sa a baki, ta naɗe mini rawani a kai. Ta yi mini gargaɗi kada in kashe inji ko sau ɗaya, don gishiri zai daskare a bututu. In zan sha ruwa ko zan yi salla, in bar motar tana aiki in yi nisa har sai na daina jin ta, saboda sallamar idar da salla ma amsa ce. Matasa suka tura, inji ya kama, na fuskanci fako ni kaɗai.

Da farko muryoyin baƙi ne. Wani mai kamun kifi ya yi sallama ya yi ta cigiyar komarsa. Wata amarya ta yi sallama tana dariya. Wani tsoho ya yi atishawa ya ce alhamdu lillahi, na ji addu'ar ta taso mini har maƙogwaro, ƙodago ya tare ta. Na ce a raina, in dai wannan ne, da sauƙi. Na taka totur, tanka na gudu kamar ba ita ce shanu suka ja ba.

Rana ta take tsaka sai muryoyin suka lafa, na ji wani gyaran murya da na sani tun ina cikin zanen goyo.

"Salamu alaikum. Korau, kana ciki?"

Sitiyari ya kusa ƙwace mini. Na cije ƙodago, hawaye na zuba cikin rawani.

"Salamu alaikum. Na ga takalmanka a ƙofa. Ko barci kake?"

Daga nan Nomau ya fara magana, mutumin da a rayuwarsa ban taɓa jin ya jera zance uku ba. Ashe duk yana ciki. Ya ce tayar baya ta hagu tana cin gefe, in duba ta. Ya ce labarin aljanin nan na Birnin Tunkuza ya fi duk ƙaryar da na taɓa yi daɗi, da kyar ya riƙe dariya. Ya ce yana goge tankar nan kullum ne don in ya taɓa ƙofarta yana jin kamar Baba bai yi nisa ba. Ya ce tun muna yara yake son surutuna, in na yi shiru gidan sai ya yi masa faɗi. Kowace magana sai ya buɗe ta da sallama, ya ɗan dakata yana jira, sannan ya ci gaba. Wannan dakatawar ita ta fi komai ciwo.

Na gyaɗa kai har wuyana ya ƙage, na buga ƙirji, na ɗaga hannu kamar mutanen Bakin Zartsi. Ba ya gani. In na tsaya salla sai in yi ta tafiya a kan gishiri, muryarsa na bi na tana ƙanƙancewa, har ta ɓace. In na idar in zauna in yi ta ba shi amsa da ƙarfi a inda ba zai ji ba. Sannan in mayar da ƙodago in dawo, tun daga nesa in jiyo shi yana cewa, "Ko ba kowa ne?"

Kwanaki muna haka. Na wuce motocin nan masu direbobin gishiri, yanzu na san abin da ya buɗe musu baki, ban kuma ƙara ganin wautarsu ba. A daidai wurin da sa na ƙarshe ya faɗi, muryar ta yi ƙasa.

"Salamu alaikum. Korau, akwai abin da nake so in roƙe ka. Ruwan nan na salka, na ce maka ina sha. Ba na sha. Na ga kai mai magana ne, maƙogwaronka ya fi nawa bushewa. Ƙarya na yi maka. Sannan fitilar Baba da ta fashe muna yara, aka zane ka, ni na ture ta. Ina tsaye ana dukanka ban ce komai ba. Ka yafe mini?"

Ya dakata.

"Korau, ka yafe mini?"

Jama'a, an tambaye ku gafara kun taɓa yin shiru? Ko maƙiyinka ne ya ce ka yafe masa, ai bakinka ke riga ka cewa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ji kalmar ta cika mini baki, harshena na ture ƙodago. Na dubi fako, fari har iyakar gani, ba ruwa ba inuwa. Na san in na furta, nan zan zauna riƙe da sitiyari har gishiri ya rufe ni, Inna kuma ba za ta taɓa sanin inda 'ya'yanta biyu suka ƙare ba. Na cije har na ji haƙorina na turmi ya tsage, jini ya cika mini baki, na haɗiye shi tare da amsar. Daga ranar bai ƙara wani zance ba sai wannan tambaya, safe da yamma.

Da na fito daga fako wata sabuwar wahala ta taso, wato mutane. Na hango wani makiyayi a bakin hanya ya jingina da sandarsa, ya ɗaga hannu, na ga bakinsa na shirin amsa sallamar da ya jiyo. Ban san sanda na danna oda ba. Ƙarar ta rufe muryar, shanunsa suka watse, ya bi ni da zagi, na ji daɗin zagin nan kamar kirari. Daga nan duk inda na ga alamar mutum sai in kwantar da hannu a kan oda. Haka na ratsa Birnin Tunkuza, suna ganin tankar aljani ta dawo ba shanu tana kururuwa, suka haye katanga.

Da duwatsun ƙasarmu suka bayyana, maimakon murna sai wani tunani ya sauko mini. Na kawo abin da na fita nema. Gobe Sarkin Tasha, shugaban direbobin garinmu, zai sa a raba ruwan nan, maƙera su kwaikwayi matacin, motoci su tashi, hatsi ya hawo. Kuma kowace mota a Tsaunin Gamji za ta riƙa wucewa ta lungunanmu da muryar Nomau tana sallama tana neman gafara. Za a koya wa yaranmu toshe baki. Inna za ta zauna a tsakar gida da gyale a baki, ɗanta na kiran masu gida daga titi. Na tuna yunwar da na baro, na tuna tuwon da ya ƙanƙance. Na yi ta auna su biyun ina hawan dutse, ban ce na auna daidai ba.

Da la'asar sakaliya na shiga gari, hannuna a kan oda. Mutane suka fito da gudu, mata na guɗa, yara na bin taya, tsofaffi na toshe kunne suna cewa Aku ya haukace. Sarkin Tasha ya ɗafe ƙofar mota yana ihu, "Ka samo? Kai, saki odar nan mu ji! Juya tasha!" Ban juya ba. Na bi ta bayan masallaci, na shiga lungunmu da kyar, na taka birki a ƙofar gidanmu. Hayaƙin girki na tashi daga ciki, ina jiyo ƙarar muciya a tukunya.

Na ɗauke hannuna daga oda.

Wurin ya yi tsit, sai bugun inji. Aka yi gyaran murya.

"Salamu alaikum."

Daga cikin gida, tun kafin kowa a taron ya motsa baki, Inna ta amsa da muryarta ta kullum, har da 'yar dariya: "Wa alaikumus salam! Maraba, maraba. Nomau, yau kai ne da sallama? Ina mai bakin? Shigo mana, ka tsaya a waje kamar baƙo."

Na ji salansa ta saki wani dogon numfashi, irin na wanda ya sauke kaya daga ka. Inji ya yi tari sau ɗaya ya mutu.

Na fizge rawani, na tofar da ƙodago da jini, na diro na zagaya baya da gudu, na durƙusa a gaban bututun nan mai zafi ina cewa, "Na yafe, Yaya! Wallahi na yafe, ni ma ka yafe mini!" Babu abin da ya fito sai ɗigon ruwa. Ban sani ba ko ya ji.

Inna ta fito tana goge hannu a zane, fuskarta cike da fara'a. Ta dube ni a durƙushe, ta leƙa gaban mota, ta dubi taron, ta sake leƙa gaban mota. Ta ce, "Korau, ina yayan naka? Yanzu na ji shi."

Duk garin na tsaye suna jiran Aku ya yi magana, na buɗe baki, ban sami ko kalma ɗaya ba.

Iyakar abin da na gani ke nan a tafiyata zuwa Bahar Zartsi. Ruwan tankar ya koma ruwan gishiri, jakai suka ci gaba da hawo mana da hatsi, akwai kuma mutanen da har yau ba su huce da ni ba. Allah shi ne masanin wanda ya yi daidai, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa in mun yi sallama a ƙofar ƙarshe a amsa mana.